Wata Bakwai a Kwamfutar Talatu

Tun da na dawo daga Masar ban huta da tambaya ba. A ofis a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, ƙawayena na makarantar koyon aikin lafiya kuwa kullum sai sun aiko da saƙo: kin ga dalar Fir'auna? Kin shiga jirgin ruwa a Nilu? Ina abayarmu? Bakina ya gaji da maimaitawa, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Dalar dai daga tagar mota na hango ta, don ba yawon buɗe ido ya kai ni ba.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, ni ce mai kula da rumbun bayanan marasa lafiya na jiharmu. Shekarun baya wata ƙungiya daga ƙasar waje ta haɗa asibitocin gwamnatin jiha da kwamfuta, ta yadda in an duba mutum a wannan gari, likitan wancan gari zai ga gwajinsa da magungunan da aka ba shi, ko da katinsa ya ɓata. Su suka sayi kwamfutocin, su suka kafa sola, su ke biyan kuɗin intanet da albashin masu gyara. To, yarjejeniyar ta kusa ƙarewa. Tun bara suka fara janye hannu, suka ce mu ba su sunayen asibitocin da za a fara yanke wa intanet. Ni na zauna na rubuta sunayen. Na duba taswira, na zaɓi na nesa.

Ana cikin haka aka gayyaci daraktanmu wani taro a Alƙahira kan yadda irin wannan tsari zai ɗore bayan masu tallafi sun tafi. Sai aka tarar fasfonsa ya ƙare, aka ce ni in je. Ran da zan tafi ya kira ni ofishinsa.

"Zulai, magana ɗaya ce," in ji shi. "Ki samo mana wani mai tallafin. Kada ki dawo mana da takardu kawai."

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Motar ofis ce ta kai ni Kano. Taya ta fashe mana a hanya, muka duba ta canji muka ga ita ma ba iska, muka zauna a gindin wata tsamiya har mai faci ya gama cin abincinsa. A filin jirgi jami'in shige da fice ya juya fasfona ya ce, "Hajiya, karatu ko magani?" Na ce taro. Ya sake duba ni. Ashe mutanenmu masu zuwa Masar kashi biyu ne a wurinsa, ɗalibai da marasa lafiya, ni ce na zo da na uku. Ya nemi katin rigakafin shawara, na ba shi, ya buga hatimi.

A jirgi na zauna kusa da wani dattijo da matarsa. Kafin a ba mu abinci na san sunansa Alhaji Ɗanlami, dillalin taki ne a wata ƙaramar hukuma ta jiharmu, kuma tsakuwa ce a ƙodarsa za a cire. Matar, Hajiya Asabe, ita ke magana, shi yana gyaɗa kai. Ta ce duk takardunsa na asibiti suna cikin babbar jaka, ta naɗe su a zane tare da daddawa da kuka, don an gaya mata a Masar ba a san miya ba.

Da muka sauka kowa ya ɗauki kayansa, babbar jakar ba ta fito ba. Muka tsaya har bel ɗin da ke fito da kaya ya daina juyawa. Ma'aikacin da muka kai wa kuka ya rubuta wani abu a takarda, ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Ma'alish." Wannan ce kalmar farko da na koya. Tana nufin yi haƙuri, tana nufin ba komai, tana kuma nufin ba abin da zan iya yi maka. In mota ta taka ka ma'alish, in shayi ya yi sanyi ma'alish. Mu a gida sai mu jera gaisuwa da jaje, su kalma ɗaya ta ishe su.

A waje wani mutum mai kimanin shekara arba'in yana jiran su Alhaji. Malam Isufu ne, mutumin Maraɗi, ya zo karatu tun yana saurayi, ya gama ya zauna, yanzu tafinta yake yi wa marasa lafiyarmu a asibitoci. Hausarsa rabi Larabci ce. Da ya ji labarin jakar ya ce, "Za ta zo, in sha Allah. Yalla, mu tafi, Hajiya ke ma mu sauke ki."

Masaukina wani ƙaramin otal ne a unguwar Dokki, a hawa na shida na wani tsohon gini. Lif ɗin irin mai ƙofar ƙarfe ne da ake ja da hannu, in ba ka rufe da kyau ba ya tsaya tsakanin hawa biyu. Ya tsaya da ni sau biyu. Mai gadin gidan, wanda suke kira bawwab, shi ke zuwa ya daki ƙofar daga ƙasa lif ɗin ya tashi. Wannan mutum ya san wanda ya shiga da wanda ya fita da abin da kowa ya sayo. Mai unguwarmu bai kai shi sanin mutane ba.

Abin da ya fi ba ni wuya tsallaka titi. Ba wanda ke tsayawa. Na yi kusan minti goma a bakin hanya ranar farko, har wata tsohuwa ta kama hannuna ta ja ni cikin motoci kamar akuya za a kai kasuwa, ta sake ni a ɗaya gefen ta yi gaba. Na kuma ga matan sama suna zuro kwando da igiya daga baranda, mai kanti ya zuba musu kaya su ja. Na ce da a unguwarmu ne, kafin kwandon ya kai hawa na biyu an san abin da za ki dafa.

Abinci kuwa, da safe wake ne dafaffe da mai da burodinsu mai faɗi. Da rana wani abu ne wai shi koshari: shinkafa da taliya da makaroni da ƙananan wake, duk a kwano ɗaya, an zuba tumatir da soyayyiyar albasa. Ɗan'uwan garau-garau ne da ya yi karatu a waje. Na nemi yaji, aka kawo mini wani jan ruwa, mai abincin yana gargaɗina da hannu. Na juye shi duka, ya tsaya yana kallona.

Na ɗauka Lahadi zan huta, ashe su Lahadi ranar aiki ce, Juma'a da Asabar suke hutu. Ina cikin gugar kaya aka kira ni wai mota tana ƙasa.

A wani babban otal a unguwar Mohandessin aka yi taron. Mutane daga ƙasashe da yawa, kowa ya tashi ya nuna hotunan tsarinsa, kowa kuma in ya zo ƙarshe sai muryarsa ta yi ƙasa ya ce tallafi zai ƙare baɗi, ko ya ƙare bara. Lokacin shan shayi sai ka ga an yi layi a gaban mutum uku ko huɗu, wakilan masu ba da tallafi. Na bi layin. Da na isa gaban wata baturiya na yi mata bayani, ta saurara da kyau, ta ce aikinmu ya burge ta, sai dai yanzu sun koma tallafa wa sababbin tsare-tsare, ba sa ɗaukar nauyin wanda aka riga aka gina. Na biyu ma haka ya ce. Na uku ya ba ni katinsa.

Ina tsaye da kofi a hannu wata mata 'yar Masar, gajera mai furfura a gaban ɗankwali, ta ce mini da Turanci, "Kin gama zagayen?" Sunanta Dakta Nadiya, tana kula da irin tsarinmu na wasu asibitoci a wani lardi. Ba ta bi layin ba. Ta ce nasu ma da tallafi aka fara, da ya ƙare ya mutu shekara biyu cur, kwamfutoci suka zama wurin ajiye kofin shayi.

Na ce, "Ya aka yi ya tashi?"

Ta ce, "Mun rage shi. Mun zubar da duk abin da aka saka don a burge baƙi. Sannan muka nemi wanda ke asara in babu shi. Masu inshorar lafiya suna biyan gwaji ɗaya sau uku saboda ba wanda ya ga na farko, muka nuna musu, suka ɗauki wani kaso. Kowane asibiti ya ɗauki kaɗan. Sauran muka yi ta bin ofis har aka sa shi a kasafi." Ta kurɓi shayi. "A takardunku me kuke kiran sa?"

"Shiri."

"Ki daina. Shiri yana da ranar rufewa. Ki sa shi layi ɗaya da kuɗin wuta da na ruwa. Ba wanda ke tambaya yaushe wutar asibiti za ta ƙare."

Na rubuta a littafina, amma a raina na ce wannan ba ta san wutar garinmu ba.

Washegari Litinin da hantsi, ana tsakiyar jawabi, wayata ta yi ta motsi. Malam Isufu ne. Na fita.

"Hajiya, akwai mushkila," in ji shi. "Jaka ba ta zo ba. Likita ya sa aikin Alhaji jibi Laraba, amma ya ce ba zai taɓa shi ba sai ya san wata allura. Alhaji ya ce an taɓa yi masa ita a gida ya kumbura har numfashi ya gagara, amma bai san sunanta ba. In Laraba ta wuce sai bayan mako uku, kuma ƙodar ba za ta jira ba. Hajiya Asabe ta ce kin ce aikinki ke nan."

Na bar taron na hau tasi zuwa Ard al-Liwa, inda suka kama ɗaki. Unguwa ce mai cunkoso, lunguna matsattsu, keke napep ko'ina, baƙaƙen fata da yawa, har na ji wani yana ciniki da Hausa a bakin wani shago. Na tarar da Alhaji a kwance a kan katifa ya yi zuru-zuru, Hajiya Asabe na zaune a gefensa.

"'Yar nan, ki taimaka," ta ce. "Ni na sa takardun a jaka. Ya ce in riƙe a hannu, na ƙi."

Na ce wa Alhaji sai ya ba ni izini kafin in buɗe bayanansa, haka dokar aikin take. Ya ce, "Malama, buɗe har cikina in kina so." Na rubuta a takarda ya sa hannu, na buɗe kwamfutata.

Sunansa ya fito, da hotonsa, da gwaje-gwajen shekara uku a jere. Sai bayanin ya tsaya cak. Wata bakwai na ƙarshe babu komai. Na tambaye shi yaushe aka yi allurar. Ya ce bayan ƙaramar salla. Na tambaye shi a wane asibiti. Ya faɗa. Shi ne na biyu a jerin sunayen da na rubuta bara.

Ban gaya musu ba. Na nemo lambar mai kula da ɗakin kati na asibitin, wata mata mai suna Talatu, wadda sau ɗaya na taɓa ganin ta a wurin horo. Na kira.

"Anti Zulai? Daga ina? Lambar ta yi tsawo."

Na yi mata bayani, na ce ta taimaka ta duba fayil ɗin takarda in yana nan.

Ta ce, "Ai ba sai na tona takarda ba, yana cikin kwamfuta."

"Wace kwamfuta? Ba an yanke muku intanet ba?"

"An yanke. Amma ba a ce mu daina shigarwa ba. Kullum ina shigarwa, tana ajiyewa a cikinta, tana rubuta mini wai tana jiran layi. Na ce to, mu jira tare."

Na ce ta buɗe bayanin Alhaji. Ta karanto mini sunan allurar, Malam Isufu ya rubuta a bayan hannunsa ya kira likitan. Likitan ya ce ya gode, amma ba zai yi aiki da abin da aka faɗa a waya ba, yana son ya ga rubutun likitan da ya duba shi ranar, da gwajin ƙoda na watannin nan. Na ce wa Talatu ta ɗauki hoton fuskar kwamfutar ta turo. Ni na rubuta dokar da ta hana tura bayanan majinyaci ta waya, ni kuma na ce a karya ta.

"Anti, da hoto gara in haɗa ta da wayata ta tura da kanta," in ji Talatu. "Sai dai in ta samu layi ba na Alhaji kaɗai za ta tura ba, duka za ta kwaso. Kuma batirin sola ya yi rauni, an yi hadari da safe. Ki ba ni zuwa azahar rana ta buɗe."

Muka zauna jira. Matar Malam Isufu ta aiko da tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, abincin gida na farko da na gani tun zuwana. Hajiya Asabe ba ta ci ba. Alhaji ya yi ta ba ni labarin yadda farashin taki ya lalace. Malam Isufu ya ce a shekarun da ya yi yana tafinta, abin da ya fi gani shi ne mutum ya zo da ciwon shekara biyar da takarda ɗaya, ko ba ko ɗaya, a sake masa gwaji tun daga farko. "Wasu kuɗin aikin ke ƙarewa a gwaji," ya ce. "Khalas, shi ke nan, sai su koma gida yadda suka zo."

Wajen ƙarfe uku agogon Masar Talatu ta kira ta ce ta haɗa. Na buɗe shafin da ke nuna shigowar bayanai. Sunaye suka fara gangarowa, ɗaya bayan ɗaya, masu awon ciki, masu hawan jini, yaran da aka kwantar, wata bakwai na mutanen gari guda. Layin ya yanke sau biyu. A karo na biyu ta ce datarta ta ƙare, in jira ta aika a sayo kati. Na tura mata daga nan. Kafin la'asar na Alhaji ya shigo: sunan allurar, da abin da ya same shi, da sunan likitan da ya rubuta, da gwaji biyu na ƙoda. Muka buga a wani shagon kwafi, Malam Isufu ya kai. Likitan ya karanta ya ce, "Tamam," wato ya yi.

Na san hoto ɗaya ma da ya wadatar da Alhaji. Amma Alhaji ya yi sa'a ne kujerarsa ta faɗo kusa da tawa. A cikin sunayen da suka gangaro ranar, ban san nawa ne suka je wani asibiti a watannin nan aka tambaye su abin da ba su sani ba.

Aka yi aikin ranar Laraba, aka fitar da tsakuwa kamar ƙwallon dabino. Hajiya Asabe ta sa ta a kwalba ta ce za ta kai wa 'yan'uwansa su gani. Jakar ta iso ran da zan taho, daddawar ta cika ta da wari, takardun ba abin da ya same su.

Ranar rufe taro na ba Dakta Nadiya labarin. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Kowane tsari yana da irin wannan matar. Kada ki gina shi a kanta. Za ta gaji, ko a yi mata canjin wurin aiki."

Na dawo ba tare da mai tallafi ba. Darakta ya saurare ni har ƙarshe ya ce, "Wato takardu kika kawo." Na ce e. Na rubuta rahoto shafi huɗu, na cire kalmar shiri daga ciki duka. Na yi wata biyu ina bin hukumar inshorar lafiya ta jiha da ofishin kasafi, wani lokaci in wuni a benci. Na kai Talatu gaban kwamitin lafiya na majalisa, ta yi magana minti biyar, ta fi ni tasiri. Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya tambaye ta wa ya ba ta umarnin ci gaba da shigarwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wanda ya ba ni umarnin dainawa."

Abin da aka samu bai kai abin da aka nema ba. Hukumar inshora ta yarda ta ɗauki intanet na manyan asibitoci, aka mayar wa na su Talatu layinsa. An buɗe mana layi a kasafin baɗi, ƙarami, kuma kowa ya san rubutawa a kasafi daban, sakin kuɗi daban. Masu gyara huɗu ne, biyu za a riƙe. Ƙananan asibitoci da dama ba su shiga ba, aka ce in sake rubuta sunaye.

Na rubuta. Amma wannan karon na karɓi motar ofis na bi su ɗaya bayan ɗaya na faɗa musu da bakina. Na ƙarshe wani ƙaramin asibiti ne a bakin iyakar jiha, hanyarsa sai an ratsa rafi. Mai kula da shi wani dattijo ne, Malam Garba, saura shekara biyu ya yi ritaya. Ya ba ni kujera a ƙarƙashin bishiyar darbejiya, ya saurara bai katse ni ba.

Da na gama ya ce, "Kwamfutar za ku ɗauke?"

Na ce a'a.

"Solar fa?"

"Ita ma tana nan."

"To, alhamdu lillahi. In ta lalace wa zan kira?"

Na duba takardar da ke hannuna. Babu sunan kowa a wannan gurbin. Na yage gefenta na rubuta masa lambata. Ya ninke ya sa a aljihun gaba, ya raka ni har mota.

Ya kira sau biyu zuwa yanzu. Na farko linzamin kwamfutar ne ya daina aiki, na aika masa da nawa. Na biyu gaisuwa ce kawai.